Ƙodar da Jikinta Ya Ƙi

"Ƙodar taka za ka ba wa wata?" Ta yunƙura daga gadon wankin ƙoda, injin ya hau ƙara. "Ina kwance ana tace min jini, kai kana rabon alheri a waje?"

Mijin ya sunkuyar da kai. Ƙanwarta ce ta jiyo zancen a bakin ma'aikatan jinya, ta kawo mata da ɗumi-ɗuminsa.

"Ka ce min an gwada, ba ta dace da ni ba. Ashe ajiye ta ka yi."

Likita ta shigo, ta danne mata hannu kada allura ta fita.

"Bai yi miki ƙarya ba. Kowace ƙwayar jiki tana ɗaga ɗan guntun sinadarin furotin a bayanta kamar tambari, sojojin jini su duba, su bambance na gida da baƙo. Duk cikin da kika ɗauka, jikinki ya ga tambarin mijinki a jikin jaririn, ya riƙe shi a matsayin abokin gaba. Yau aka dasa miki tasa, gobe za su far mata."

"Wato haihuwar da na yi masa ce laifina? Sai ya kai wa wadda ba ta taɓa yi masa naƙuda ba?"

"Ita ma haihuwa ce ta raba ta da ƙodar mijinta." Likita ta nuna wani mutum a bakin ƙofa, yana murza hularsa. "Ga shi can. Tasa ta dace da ke. Musaya mazan suka yi."

Ta ɗauke ido daga kan mutumin, ta dubi nata mijin.

"Kai kuma bakin naka ma kyautar da shi ka yi?"