Hannun Dodo

Imrana ya sake goge fuskar Dodon da tsumma tun fentin mai bai bushe ba. Gobe za a zo daga Madawa karɓar zanen bangon littafin tatsuniya, ga shi Dodo ya ƙi ban tsoro.

Haƙoran kura ya kwaikwaya daga hoto, fatar kuma ta kada. Amma duk lokacin da ya kira ɗiyarsa Zuhura, 'yar shekara shida, ta duba, sai ta ƙyalƙyale da dariya.

Saura hannu, kuma ba shi da hoton da zai duba. Sai ya jingina madubi, ya murtuke fuska, ya ɗaga nasa hannun sama, ya zana abin da ya gani, har da tabon babban yatsa.

"Zuhura, taho ki gani!"

Ta shigo da gudu tana dariya. Ko kallon haƙoran ba ta yi ba. Idonta na sauka kan hannun, ta durƙushe, ta kare kanta da hannu biyu.

"Baba, yi haƙuri," ta ce wa zanen. "Wallahi ba ni sakewa."