Ka Ce Amin Mana

Datti ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Da safen nan tsohon ya sauka a Gada Biyu daga Tafkin Chadi, a bayan motar kifi, daga shi sai rigar jikinsa.

"Kwalekwalena jami'an ƙasar maƙwabta suka ƙwace, har da komar kamun kifi," in ji Baba. "Ruwa ya ja baya, na bi shi kamar kullum, wai na tsallake iyaka. Kifi ya san iyaka ne?"

Datti ya ture kwanon tuwo gefe.

"Jami'an can sun ce a taron ciniki na ƙasashen tafkin wani ɗan Najeriya ne ya kafe sai an riƙa ƙwace jirgin baƙon masunci. Su ma suka ce to, a yi wa kowa." Baba ya ɗaga hannuwa sama. "Ko wane ne shi, Allah ya isa tsakanina da shi."

Fiddausi, matar Datti, ta sulale kicin.

Baba ya juyo ga Datti. "Kai ba ka ji ba? Ka ce amin mana."

Datti ya dubi lambar yabon da ke bango, wadda ma'aikatarsu ta ba shi saboda wannan dokar. Ya tsara ta ne don kada baƙi su kwashe wa Baba kifi.

"Amin, Baba."