Ranar da Na Tambayi Madam Ko Ta Ci Abinci

Ina aji biyu a lise, wato sakandare, a Garwa, wata rana malamarmu ta Turanci ta tsayar da ni bayan an tashi. Daga Bamenda aka turo ta, ba ta jin Fulatanci, ba ta jin Hausa. Ni kuwa na kasa rarrabe yadda Turawa ke faɗin abin da ya wuce ya ƙare da wanda ya wuce amma bai rabu da yanzu ba.

Kwanon rufi sai ƙara yake don zafi. Kular abincinta na kan tebur, ba ta buɗe ba. Ta yi ta tambaya ina amsawa, sannan ta ce da Faransanci, "To, yanzu kai ka tambaye ni."

Na ce, "Have you eaten?" Wato, kin ci abinci?

Sai ta kama magana da Turanci, doguwa, tana shafa murfin kular. Na tsinci kalmar uwa, na tsinci ruwan sama, sauran duk suka wuce ni. Ni dai ƙofa nake kallo, abokaina na can filin ƙwallo. Da ta gama ta ce, "Sake tambayata." Na ɗauka kuskure na yi.

Yanzu a Duwala nake aiki, ni kaɗai a ɗaki. Rannan mai gadin gidanmu ya tambaye ni ko na ci abinci. Na tsare bawan Allah da zance har shayinsa ya huce.