Jan Zare a Hannun Inna Tabawa

Tun da aka kafa dokar gwajin hanji, ba mai shiga asibiti sai an duba shi. Inna Tabawa ta zo daga Gumel ganin 'yarta Sahura da ta haihu. Da sakamako ya fito, nas ta ɗaura mata jan zare a hannu.

"Inna, sai haƙuri. Akwai ƙwayar cutar da ba ta jin magani a cikinki."

"Lafiyata ƙalau, 'yar nan."

"Jaririn ne ba zai jure ba."

"Har yaushe?"



Aka zaunar da ita bayan gilashi, ita kaɗai. Sahura ta ɗago mata jaririn daga cikin ɗaki.

"Ga angona," in ji Inna a hankali. Ta ninke zanen goyon da ta kawo, ta mayar jaka.