Mai Turaren da Ta Daina Jin Ƙamshi

Tunda kin ce magani kike nema amma ba kya son a san ciwon, zauna in ba ki misali.

An yi wata mai haɗa turaren wuta da humra, wadda ta gaji sana'ar a hannun mahaifiyarta. Hancinta shi ne jarinta. Tana shinshina bakin kwalba za ta gaya miki an cika farce, ɓawon kodin nan da ake sa wa turare, ko sandal ya yi kaɗan. Sai dai hancin nan gajere ne mai faɗi, irin na gidansu, kuma tun tana yarinya ake tsokanarta wai an zauna a kansa ranar suna. Takan yi dariya tare da masu dariya, abin kuwa yana cin ta a rai. Wata shekara da ta fita ƙasar waje saro itacen turare, sai ta biya wani asibiti da ta gani a waya, aka yi mata tiyata aka ɗaga karan hancin. Ta dawo gida ta ce faɗuwa ta yi a matakalar masauki, likitoci suka gyara mata. Kumburi ya sauka, hanci ya fito siriri, ƙawaye suka yi ta yabawa. Kafin shekara ta zagayo gefe ɗaya ya lotsa, numfashi ya koma ta baki, ƙamshi kuma ya ɗauke ɗif. Sai ta zuba turare a kasko ta ga hayaƙi yana tashi, ita kuwa ba ta jin komai. Ta ci gaba da haɗi da abin da hannunta ya saba kawai, kullum gabanta yana faɗuwa kada a dawo mata da kaya, ikon Allah kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ko kwalba ɗaya.

A ɓoye ta shiga neman inda za a sake gyara mata. Asibitoci ga su nan rututu a ƙasashe daban-daban, kowanne da hotunan kyawawan fuskoki, ga yadda take da, ga yadda ta koma. Ta riƙa tura musu hotonta, amma wane hoto? Ta gefen da bai lotsa ba, ta sha hoda, ta karkata kai. Ko su ma ba ta gaya musu gyara na biyu ba ne, labarin matakala take maimaita musu. Nan take sukan amsa cewa aiki ne mai sauƙi, ta zo kawai, har mota za su aiko filin jirgi. Wannan sauƙin ne yake tsorata ta, don haka aka ce mata a karon farko. Can ta ci karo da wata likita da yawancin aikinta gyaran abin da wasu suka ɓata ne. Ita wannan ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce ba za ta iya magana ba sai ta ga hancin ta ƙasa, a hasken rana, ba kwalliya, wani ne kuma zai ɗauka ba ita da kanta ba. Sannan a gaya mata gaskiyar abin da aka yi da farko, da wanda zai rako ta ya yi jinya. Mai turare ta yi kwana da kwanaki tana juya maganar. Kunya ta hana ta, tsoron rasa sana'ar uwarta kuma ya hana ta sakat.

Wani hantsi ta sami tsohuwar mahaifiyarta a tsakar gida tana tsince itacen turare a faifai. Ta durƙusa, ta miƙa mata wayar, ta faɗi komai kanta a sunkuye. Tsohuwa ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ashe ta daɗe da sani. Tun ranar da ta ji humra ta fita da ƙarni take bin kwalaben a bayan 'yarta tana gyara haɗin, tana jiran ranar da za a gaya mata. Ta tallafi haɓar 'yar da tafin hannu, ta ɗaga fuskar ga rana, ta ce, "Ɗago sosai. Ni na gasa miki cibiya kina jaririya, wane wuri ne a jikinki zai ba ni kunya?" Ta ɗauke ta hotuna da wayar, hotunan suka fito munana, kuma su ne na gaskiya.

Likita ta duba ta ce hancin gado dai ya tafi, ba mai dawo da shi. Za ta ɗebi guringuntsi a kunne ta tokare inda ya lotsa, numfashi zai buɗe, ƙamshi kuwa sai abin da Allah ya yi. Uwa da 'ya suka tafi tare, suka dawo tare. Iska ta fara wucewa, ƙamshi shiru. Daga nan ne tsohuwar, wadda duk unguwa ta san ba ta taɓa ƙona girki ba, ta koma kullum sai tuwonta ya kama. Rannan da azahar mai turare tana ɗaki, sai ta ɗaga murya ba tare da ta yi tunani ba: "Inna, tuwonki ya kama." Sai ta gane ƙauri ne hancinta ya jiyo, ta fito da gudu. Ta tarar da tsohuwar zaune nesa da murhu, muciya a cinya, ta zuba wa ƙofar ɗakin ido, hawaye yana bin kumatunta.

To kin ji. Da ta ci gaba da nuna gefen da bai lotsa ba, da har yau hayaƙi kawai take kallo. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.