Kwalbar Yawun Munzali

Munzali ya sake kelaya amai a bayan ɗaki. Wai wannan ne maganin hawan jinin da likitan Dutsin-Ma ya zaɓa masa, bayan an gwada ƙwayoyin halittarsa a yawu don gano wanda jikinsa zai karɓa!

"Tir! Inna, gwajin nan ƙarya ne."

"Kul, ɗan nan," in ji mahaifiyarsa. "Malam Ilu na Birchi da na ɗibar wa maganin ai ras ya miƙe."

"Malam Ilu kuma?"

"Ranar da ka aike ni asibiti da kwalbar, na biya wurinsa ya sa mata albarka. Ya ce yawunka duk cuta ne, ya zubar, ya cika ta da tofinsa."

Munzali ya koma bayan ɗaki.