Darasin Da-Na-Sani

Tela ta tsayar da keken ɗinki, ta kakkaɓe zaren da ya manne mata a hannun riga, ta jingina wayarta da gwangwanin maɓallai. Sai da ta sake gyara ɗankwali kafin ta danna.

Fuskar Malama ta bayyana. Budurwa ce siririya mai tabarau, tana can wata ƙasa mai nisa inda gari ke wayewa a lokacin da nan rana ke sunkuyawa. Ko "sannu" ba ta ji da Hausa. Aikinta koyar da Turanci ta waya a ƙarƙashin wani kamfani mai malamai barkatai, amma duk cikinsu Tela ta kafe sai ita, ta yi ta jira har gurbi ya samu.

Turancin Tela irin na tsaka-tsaki ne. In an yi magana a hankali tana kamawa, amma da ta buɗe baki sai kalmomin su watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Sun yi darasin cefane, sun yi na ganin likita, sun yi na tambayar hanya da na hirar yanayi. Da aka zo bambanta abin da ya wuce ya ƙare da abin da ya wuce amma har yanzu bai sake ka ba, nan ta maƙale. Ta sa *went* inda ake son *gone*, ta gyara, gobe ta maimaita. Rubutun da take turawa kuwa, yakan dawo jawur da gyara kamar an yanka kaza a kansa.

Malama ba ta da faɗa. Sau ɗaya dai ta ce mata cikin dariya, "Kina kallona, amma ba kya saurarona." Tela ba ta musa ba.

Ƙanwarta, wadda ke yi mata guga a shagon, ita ce haƙurinta ya fara ƙarewa.

"Yaya, kalma huɗu ce fa za ki faɗa wa Malama," ta ce mata da safen nan. "Ko aku aka koya wa, da tuni ya faɗa."

"Ba su ne wahalar ba, abin da zai biyo bayansu ne. Za a tambaye ni me ya sa, a ina nake, tun yaushe na sani. Da wane bakin zan amsa? Da *go* da *went*?"

"To ki yi ta jiran gawon shanu."

 Tela dai ta ƙudurta cewa sai harshenta ya nuna tukuna. Magana irin wannan, in ta fito a karkace, ba ta miƙuwa.

Yau Malama ba ta fara da tambayar yadda aka wuni ba. Ta yi magana dalla-dalla don Tela ta gane: ta samu wani aikin, wannan ne darasinsu na ƙarshe. Za a haɗa Tela da wani malamin, mai kirki sosai. Tela ta lalubo kalmomi ta roƙi lambarta. Malama ta ba ta haƙuri, dokar kamfani ta hana.

A kusurwar wayar, agogon darasi na ta cin lokaci. In ya cinye, layin kan yanke da kansa.

Tela ta buɗe baki. Jimlolin da ta yi watanni tana jerawa a kan keke, tana taka su tare da ƙafar ɗinki, babu ko ɗaya da ta amsa kira. Ƙanwar ta ajiye dutsen guga ta zuba mata ido. Tela ta kawar da kai.

"Mu yi amfani da lokacinmu," in ji Malama. Darasin yau na yadda ake faɗin abin da bai faru ba ne, da abin da zai biyo baya da a ce ya faru. Tela ta gane shi nan take. Da-na-sani ce, ƙeya, ashe Turawa ma suna da ita, har da ƙa'idojinta.

Ta gwada, ta rikita *had* da *would*. Ta sake, ta ƙara dagulawa. 

"Bari in ba ki misali daga rayuwata," Malama ta ce, "ya fi zama a kai." Ta cire tabarau ta murza ido. "*If my mother had lived, I would have learned her language.*" Ta warware mata shi a hankali: da mahaifiyata ta rayu, da na koyi yarenta. Ta rasu ina jaririya, haka Baba ya gaya mini, ko hotonta babu. "Yanzu maimaita."

Tela ta maimaita. Kalma bayan kalma, babu tuntuɓe, babu kuskure ko ɗaya, karo na farko tun da suka fara.

Malama ta tafa hannu, fuskarta ta cika da murna. "Kin gani? Kin iya!" Tana ɗaga hannu za ta yi sallama layin ya yanke.

Ƙanwar ta juya ta fuskanci bango. Tela kuwa ta zauna riƙe da wayar da ta yi duhu, bakinta bai gama rufuwa ba, bakin da ya gama shaida wa 'yar da tsohon mijinta ya ɗauke mata tun tana goye, cikin Turanci mai kyau, cewa uwarta ta mutu.